Igiyar da Na Ɗaura wa Habsu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga 'yata ta fari, wadda bakina bai saba da sunanta ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai ƙofa da ruwan sha mai kyau. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki shiga garin da ƙafar dama. Amin.

Za ki yi mamakin ganin takarda a cikin ƙullin kuka, alhali gida ɗaya muka kwana. To yaya zan yi? Ke 'yar fari ce, ban saba zaunar da ke in dube ki ido cikin ido ba. Ko na gwada ma, ba ma yin nisa sai kin ce, "Inna, zamani ya canza," ni kuma in hau sama. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a nono kika sha shi. Yanzu kin tafi unguwar Kara-Kara sallamar gwaggonki, babanki yana majalisarsu, shi ne na ɗauko biro. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gidan da aka riga aka share, na kwance buhun kayanki na sake ɗaurewa, duk don kada in zauna in rubuta wannan.

Shekaranjiya da la'asar kin zauna kina karanta wa babanki labarin da kika rubuta domin 'yan aji shida, na yarinyar da mahara suka kama a bakin rijiya zamanin sarakunan Damagaram na da, aka kawo ta nan unguwar Zango aka sayar wa ayari mai ƙetare hamada. Ina bakin murhu ina jin ku. Ba zan ɓoye miki ba, labarin ya yi kyau, har tuwo ya kusa kama mini. Sai na ji kin ce in lokacin rufe lakwal ya zo, wato hutun makaranta, yara za su yi wasansa a gaban iyaye, kin ma sayi igiyar da za a ɗaure yarinyar da ita. Ita ce na gani ɗazu a naɗe a ƙasan buhu. Ban cire ba, ba ni da ikon taɓa kayanki, amma tun da na gan ta gabana yake faɗuwa.

Garin da aka tura ki, can gabas da Zermu, kin san nan na fara aiki ni ma. Ranar da takardar aikinki ta fito na ji sunan garin na yi shiru, kika zaci nisa ne ya dame ni. Ba nisa ba ne. Akwai yarinyar da take zaune a ajin da za ki karɓa, kuma abin da za ki yi da igiyar nan shi zai sa ta ci gaba da zuwa lakwal ko ta daina. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, kada ki ninke takardar ki ce Inna ta fara.

Na je garin ina kamar shekarunki, da takalmi mai tsini da faransancin da nake ji ba a taɓa yin irinsa ba. Da muka iso darasin bauta, sai na buɗe littafi na karanta musu abin da ke ciki: jiragen ruwa, teku, gonakin rake a ƙasashen da ko sunansu yaran ba su iya faɗa ba. Na zana jirgi a allo, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba. A layin baya akwai wata yarinya, Habsu, 'yar siririya mai kai kamar me. Abu sau ɗaya take ji ta riƙe. Ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, to mu nan Damagaram ba a yi ba?"

Ajin ya yi tsit. Ni ban gane shirun ba, na ɗauka tsorona suke ji. Na ce mata wannan ba ya cikin littafi, ta zauna. Alhali na sani sarai an yi. Mu jikokin fataken Zango ne, tun muna yara ake mana kirari da gashin jimina da fatu da kanwa da kakanninmu suka kai har bakin teku. Ba a taɓa yi mana zancen waɗanda suka bi bayan raƙuman da ƙafa ba. Amma a gidan kakana na tashi na ga wata tsohuwa a ɗakin bakin ƙofa, kowa yana aikenta har mu yara, sai kowa ya ci take ci, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini garinsu. Na san ko ita wace ce, kunya ce ta rufe mini baki a gaban yara.

To wannan kuskuren kin riga kin tsallake shi, na kuma ji daɗi. Kin kawo labarin gida, kin ambaci Zango da sunanta. Ki riƙe haka. Yaro in ya yi tambaya ta gaskiya, kada ki ɓoye a bayan littafi. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kafin ki ce musu an sayar da mutane, ki ce musu kakanninki suna cikin masu sayarwa. Ki fara da gidanmu kafin wani yaro ya juya ya kalli gidan wani.

Bari in duba tukunya.

Na dawo. Tambayar Habsu ta bi ni hutu har gida, ta hana ni sukuni. Da aka koma lakwal na ce sai na biya ta. Na zauna na rubuta labari, kusan irin naki, har da rijiyar. Na mai da shi wasa. Nan ne garin gyaran gira na rasa ido.

Garin yana da gefe biyu, akwai kwari a tsakani. Gefen masallaci da gidan mai gari, sai unguwar ƙetaren kwari. Na shekara a garin ban tambayi dalilin ba. Na ga wasu yara kullum su ne a layin baya, ban zaunar da su can ba, da kansu suke wucewa. Su ne ke share aji, su ne ke ɗebo mini ruwa, in an raba alli su ne na ƙarshen miƙa hannu. Ni kuwa har yabonsu nake yi a gaban direktan lakwal, ina cewa yaran ƙetaren kwari akwai ladabi. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Kowa a garin, har yaron da bai fara sa wando ba, ya san kakannin wace unguwa ne suka mallaki kakannin wace. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni mai koyar da tarihi.

Da aka zo rabon wasa, na ba Habsu babban matsayi, wato yarinyar da aka kama, domin ita ce mai maganganu da yawa, ba kuma wanda zai riƙe su sai ita. Wallahi girmama ta na yi niyya. Na ce wa zai zama attajirin da ya saye ta, sai wani yaro, Mamman, jikan mai gari, ya miƙe, sauran suka ce i, shi ya dace. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ya dace ba. Na lura dai Habsu ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta karɓi takardar. Na ce kunya ce irin ta 'yan mata.

Ki saurare ni a nan. Kafin ki buɗe baki a kan wannan darasi, ki zauna ki karanta ajin kamar yadda kike karanta littafi. Wa ke zama ina? Wa ke ɗaukar tsintsiya ba a sa shi ba? Wa ke shan ruwa daga baya? Kada ki tambayi kowa asalin kowa, ba ma sai kin tambaya ba, matan gari za su kawo miki shi tare da furar baƙunta. Ki ji da kunne ɗaya. Amma tsintsiya ki raba ta bi da bi, wurin zama ki riƙa juya shi, tun makon farko, ba tare da kin ce don me ba. Kuma kada ki taɓa barin yara su zaɓi wanda ya dace da wani matsayi. Abin da suka ji a gida shi za su zaɓa.

Akwai wani abu kuma, ƙarami a ido. A takardar wasan ban ba yarinyar suna ba. Duk inda za ta yi magana na rubuta Baiwa. In muna gwaji sai in ce, "Baiwa, matso nan. Baiwa, ɗaga murya." Da bakina na koya musu. Kafin ranar wasa ta zo, a bakin rijiya ma haka yara suke kiranta, ni ban sani ba. Na ji ke ma a labarinki daga "yarinyar" sai "baiwar". Ki ba ta suna, sunan da babu mai shi a garin. Ki ba ta uwa mai faɗa, da ƙane mai kuka, da abincin da ba ta so. Ki daɗe da yaran a gidansu kafin mahara su zo, har sai sun san ta kamar maƙwabciyarsu. In ba haka ba, abin da za su riƙe shi ne an kama wata, an sayar, shi ke nan.

Ranar wasa aka shimfiɗa tabarmi a inuwar itacen bedi, gari ya taru. Mutanen gefen masallaci a gaba, na ƙetaren kwari a baya a tsaye, har a lokacin ban gani ba. Ni da kaina na ɗaura wa Habsu igiya a wuyan hannu, har ina tambayarta ko ta matse. Na miƙa wa Mamman ɗaya bakin. Suka fito, yana gaba tana baya.

Na zaci za a yi tafi ko dariya. Ba wanda ya yi ko tari. Sai wata tsohuwa ta ratso mutane daga baya, ba ta gaggawa, tana dogara sanda. Kakar Habsu ce. Ta zo tsakiyar fili ta ajiye sandar, ta sa hannu tana kwance ƙullin. Na ɗaure shi da kyau, yatsunta kuma sun tsufa, ta daɗe tana fama, gari duka yana kallo. Da ta kwance sai ta naɗe igiyar ta ajiye a gaban ƙafata, ta kama hannun jikarta suka tafi. Mutanen ƙetaren kwari suka bi bayansu. Mamman yana tsaye, bai san inda zai sa hannunsa ba. Shi ma yaro ne, shi ma ni na cuce shi, don daga ranar bai ƙara ɗaga hannu a aji ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin yana da ƙarshe mai kyau. Yarinyar tana girma, ta fanshi kanta, ta biyo ayari ta dawo garinsu, ta tsaya a bakin rijiyar ta yi magana. Habsu ta haddace maganar tsaf. Ba a kai wurin ba. Igiya kaɗai mutanen gari suka gani.

Washegari direkta ya ce in sayi goro in je in ba da haƙuri. Na je, amma da hujjata a baki na je. Na sami tsohuwar tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Sai na fara: "Iya, wasa ne fa. Don yara su san abin ba shi da kyau na yi. Da kin bari an kai ƙarshe, da kin ga..."

Ta ce, "'Yar nan, daga birni kike ko?"

Na ce e.

Ta ce, "Ubana ya yi shekaru yana noma wa wani da safe, ya noma wa kansa da yamma, har ya fanshi wuyansa. Bai bar mana gona ba, bai bar mana saniya ba. Abin da ya bar mana ke nan, ba mai sake riƙe mu da igiya. Ke kin zo da hantsi ɗaya kin mayar. Kuma a hannun jikan gidan."

Na ce ban sani ba. Ta ce, "Na sani ba ki sani ba. Da kin sani da ba goro za ki kawo ba." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Habsu tana cikin ɗaki, ina ganin ƙafafunta ta ƙasan labule, ba ta fito ba. Ba ta ƙara taka lakwal ba. Yarinyar da ta fi kowa kai a duk shekarun da na yi ina koyarwa.

Za ki yi kuskure, ba makawa, wanda bai yi ba bai yi aiki ba. In kin yi, ki je ki durƙusa ki ce kin yi, ki rufe bakinki. Kada ki kai wa wanda kika ƙona bayanin yadda wuta take. Niyyarki tsakaninki da Allah ce, su abin da ya same su suka sani.

Na ji kamar motsin ƙofa, na zaci ke ce. Akuyar maƙwabta ce. Bari in yi sauri.

Kin san Habsu. Ita ce mai man gyaɗa da ke zuwa mana ranar kasuwa, wadda kika sha karɓar kwalba daga hannunta kina cewa man nata ya fi na kowa ƙamshi. Shekaru bayan na dawo Zinder muka haɗu a kasuwa, ita ta gane ni, ta ce, "Madam, ina wuni." Tun daga nan take kawo mini mai. Muna gaisawa, mu yi zancen damina da tsadar gyaɗa, ba mu taɓa taɓo wancan zancen ba. Ni tsoro, ita ban san dalilinta ba.

Jiya, ranar kasuwa, kina wurin ɗinki ta zo. Tana tsiyaya mai a kwalba, ba ta ɗago ba, ta ce, "Madam, an ce 'yarki ce za a kawo mana lakwal."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Tawa tana aji shida bana. Ubanta ya so ta zauna gida, na ce ko za a yi yaƙi sai ta yi."

Sai kawai na gaya mata gaskiya, cewa kin rubuta labari irin wancan, kina son yara su yi wasansa, amma zan hana ki ko da za mu ɓata. Ta toshe kwalbar, ta goge hannu a zane. Sai na ji ta fara magana da wata murya, a hankali, idonta a kan bango: "Ni ce wadda kuka nema kuka gaji. Na tafi da ƙafata, na dawo da ƙafata. Ku ba ni guga in sha ruwan garinmu." Ta ci gaba har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Maganar bakin rijiya ce. Ni da na rubuta ta na manta da ita, ita tana nan da ita, da furfura a gefen kanta. Na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba.

Ta ce, "Kada ki hana ta, Madam. Rannan 'yata ta tambaye ni me ya sa samarin gefen masallaci ba sa neman aure a unguwarmu. Na ce ta je ta wanke kwanoni. In ba a faɗa musu a lakwal ba, a bakin rijiya za su ji, da zagi. Gara su ji daga bakin madam."

Na ce to yaya za a yi?

Ta ce, "Yarinyar nan kaina ta ɗauko. In aka ce wa zai yi, ita za ta fara ɗaga hannu, na san ta. Ki ce wa 'yarki ta ba ta magana, kada ta ba ta igiya."

To kin ji saƙon, na sauke. Ba hana ki nake yi ba, da na so in hana, mai hakkin ta ce a'a. Ki koyar da labarinki. Ki sa yara su karanta shi bi da bi, kowa ya zama yarinyar na ɗan lokaci, jikan mai gari ma ya faɗi maganarta da bakinsa. Ki je ki gaida tsofaffin gefe biyun tun da wuri, ki karanta musu, ki ji abin da za su ce, ko da za su sa ki sake rabinsa. Ranar wasa ki shimfiɗa tabarmi da kanki, kada ki bar gaba da baya su shirya kansu. In kuma kin ga lallai sai an ga igiya kafin a gane, to ki miƙa naki hannun, ke jikar fataken Zango, ki ɗaura, ɗaya bakin kuma ki bar shi yana jan ƙasa. Kada ɗan kowa ya riƙe. Kuma ko ruwa ake da ƙanƙara, ki tabbata an kai ƙarshe.

Na san za ki ce na cika tsoro. Ƙwarai ina tsoro. Ina tsoron ki dawo mini nan da 'yan shekaru kina sayen mai a hannun yarinyar da ya kamata a ce ita ce ke duba ki a asibiti.

Ga sallamarki nan ina ji a zaure, kina dariya da wani. Bari in ninke. Akwai daddawa a cikin gwangwanin madara, kada ki bar ta kusa da sabulu. Ki riƙa cin abinci kafin ki shiga aji, yunwa tana sa ki faɗa, irina ce ke.

Habsu ta ce in kin sa ranar wasan a gaya mata, ko ranar kasuwa ce za ta bar man ta zo. Ta ce wancan karon ba ta ga ƙarshen ba. Ki ajiye mata wuri a tabarmar gaba. Ki aiko mini ni ma, zan hau mota in zo, in ta yarda in zauna kusa da ita.

Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama. Allah ya sa yaran mutane su fita daga hannunki da kansu a ɗage. Allah ya ba ki idon da ban samu ba sai da na makara, ya dawo mini da ke lafiya. Babanki yana sa miki albarka, ni ma na sa.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki.